Inna Mahasin da Bencin Holan

Duk wanda ya zauna a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira ya ci kisrar Inna Mahasin, ko ya san tata ce ko bai sani ba. Kisra dai abincin mutanen Sudan ce, faffaɗa, siririya kamar takarda, da ɗan tsami-tsami, ana cin ta da miyar kuɓewa. Inna ce ke yi wa gidajen abincin layinmu. Tun da hantsi za ka ji ƙamshin ƙullu yana saukowa ta matattakala, ita kuma tana can sama zaune gaban kaskon ƙarfe, ta ɗaure kai tamau, tana shimfiɗa ƙullun tana ɗagowa da yatsu. Wuta ta daɗe da daina cin yatsun nan.

Mu muna hawan da ke ƙasan nata, ni Nana da maigidana Malam Harun, wanda ya ɗauko ni daga Gusau da alkawarin yana gab da gama digirinsa na Azhar. Har yau yana nan gab da gamawa. Amma ba labarinsa zan ba ku ba, shi ma ranarsa tana nan zuwa.

Inna Bahaushiya ce da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakanninta sun taso daga Haɗeja da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Gadarif ta ƙasar Sudan don su yi noman damina ɗaya su sami guzuri, ba su ƙara gaba ba. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, in tana magana sai in riƙa tuna kakata, sai kuma ta jefo Larabcin Sudan a tsakiya in tuna inda nake.

Abin da aka san ta da shi bayan kisra shi ne addu'a. Bakinta da kaifi, amma ba ta iya zagi ba. Za ta faro maka faɗa kamar za ta cinye ka ɗanye, sai ta ƙare da, "Allah ya shirye ka, ya yi maka arziki ka daina cutar mutane." Bawwabin gidanmu, wato maigadin ƙofa, ya taɓa yin tuntuɓe da bokitin ƙullunta ya kifar da shi. Ta bi shi har titi da masifa, ta rufe da roƙon Allah ya kai shi Makka ko ta huta da ganinsa. Shekara na zagayowa wani attajiri ya biya masa umara. Tun daga nan mutanen layi suka ɗauka cewa addu'ar Inna ba ta faɗuwa ƙasa. Ita ma, in za a faɗi gaskiya, ta ɗan yarda da hakan.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Fadl, kuma zazzaɓi ya ɗauke shi tun suna Sudan. Ta zo Alƙahira da matarsa da 'yarsa Tagwa. Bayan wasu shekaru takardar tafiya Holan ta fito da sunan uwa da 'ya, babu na kaka. Tagwa lokacin ko haƙoran gabanta ba su gama sake fitowa ba. Inna ta raka su filin jirgi, ta dawo ta hura wuta, domin gidajen abinci suna jiran kisra. Tun daga ranar ba ta sake ganin yarinyar ido da ido ba, sai dai waya duk Juma'a.

Wata Juma'a a ƙarshen zafi sai ga Inna ta sauko mana, ludayi a hannu, ko sallama ba ta gama ba.

"Nana, an ɗauki Tagwa ƙwallo. Wai gasar mata ta ƙasar gaba ɗaya. Wai mai tsaron gida ce. Wai kuma ana nunawa."

Na zaci za ta ce mace da ƙwallo ina aka taɓa yi. Ko kusa. A duk bayanin da yarinyar ta yi mata, kalma ɗaya ta shiga kunnenta, ana nunawa. Ƙungiyar ƙarama ce, ta wani gari da har yau ban iya faɗin sunansa ba, masu rawayar riga, kuma sun ba Tagwa kwantiragin kakar wasa ɗaya. Tagwa ta turo mana inda ake latsawa a gani. Abin kallo kuwa a duk benen babu sai kwamfutar Malam.

Malam ya ce kwamfutarsa ta ilimi ce. Na ce to ta huta da ilimin rana ɗaya a mako, ai ta ga abin da ya ishe ta. Ya ce zai duba hukuncin. Kafin ya gama dubawa mun ɗora ta a kan tukunyar da muka kife a tsakar ɗaki.

Wasan farko ruwa ake yi a can, irin yayyafin nan da ba ya yankewa. Inna ta fara da duban filin.

"Wannan ciyawa haka, babu ko akuya ɗaya? Allah ya ba su hankali."

Muka yi ta neman Tagwa cikin masu gudu, ba mu gan ta ba. Mai tsaron gidan masu rawaya wata Baturiya ce doguwa, gashinta ɗaure a ƙeya, hannuwa kamar faifai. Inna ta raɗa mata suna Doguwa nan take. Sai can wajen tsakiyar wasa kyamara ta bi ta gefen fili, ta nuna wata rumfa mai kujeru, mutane zaune cikin manyan riguna na sanyi har gwiwa. A ƙarshen layin ga wata baƙar yarinya ta naɗe hannu, ta ɗaure fuska, ɗankwalinta baƙi.

Inna ta kai hannu ta shafa gilashin, ta bar masa tabon ƙullu. Kyamara ta wuce.

"Kin gani ko?" ta ce. "Kin ga inda suka ajiye ta? Cikin rumfa, kusa da dattijon nan mai furfura. 'Ya'yan mutane suna can cikin ruwa suna gudu kamar an koro su, ita an ba ta kujera da bargo. Shugaba suka naɗa ta."

Na kalli Malam, Malam ya kalli rufin ɗaki. A inda Inna ta tashi, wanda ya isa shi ke zama a inuwa, yara su yi zirga-zirga. Ban ga ta inda zan fara warware mata ba, kuma fuskarta a ranar, wallahi ko ku ne ba za ku iya ba. Na ce, "Ikon Allah," na tashi na ɗora shayi.

Kafin mako ya zagayo duk Hayyin Ashir an ji cewa jikar Inna Mahasin ce ke shugabantar ƙwallon mata a Holan. Mu'tasim, mai gidan abincin da ya fi sayen kisrarta, mutum ne da ya san ƙwallo har ya yi masa yawa. Ya tare ni a bakin shagonsa ya ce, "Ya Nana, benci fa take ci." Na ce to je ka faɗa mata. Ya ce shi yana da iyali, kuma babu mai kisra irin tata a unguwar.

Haka muka shiga kakar. Duk ranar wasa Inna za ta gama aiki da wuri, ta yi wanka, ta sauko da turaren wuta, ta zauna daf da kwamfuta har numfashinta na dusashe gilashin. Abin da take jira bai wuce ƙiftawar ido ba, lokacin da kyamara za ta bi ta kan rumfa. Wani makon a nuna, wani makon ba a nuna ba. Sauran lokacin kuwa, tunda tana zaune, sai ta ɗauki 'yan wasan gaba ɗaya ta mai da su 'ya'yanta. Ta san mai son kai da ba ta ba kowa ƙwallo. Ta san wadda ke faɗuwa da gangan, tana kiran ta Makira. Alƙalin wasa kuma kowane mako yana samun addu'ar shiriya.

Amma Doguwa ce 'yar gaban goshinta. Duk sanda yarinyar ta yi tsalle ta faɗi a kan haƙarƙari sai Inna ta dafe nata haƙarƙarin.

"'Yar mutane. Ita kaɗai aka bari a bakin ƙofa, kowa ya zo ya jefe ta. Uwarta na ina take kallon wannan abu?"

Daga nan ta fara dafa balila duk ranar wasa. Balila dafaffen wake ne da hatsi, mutanen Sudan suna raba shi sadaka in suna neman tsari. Kwano guda ake kai wa masallacin layi, da niyyar Allah ya tsare ƙashin Doguwa da jijiyarta. Kuma Allah ya tsare. Sanyi ya shigo, 'yan wasa suna ta karyewa, ana fitar da su a kan makara irin ta masu rai, Doguwa ko mura ba ta yi ba.

Tagwa ce da kanta ta fasa ƙwan. Wata 'yar uwarsu da ke unguwar Ardul Liwa nan Alƙahira ta kira ta don ta taya ta murnar sarauta. Juma'ar da ta biyo baya ina wurin Inna ina taya ta tankaɗe, wayar na jingine da gwangwanin gishiri.

"Habboba," in ji Tagwa, haka 'yan Sudan ke kiran kaka, "don Allah ki daina gaya wa mutane ni shugaba ce. Ni ta ajiya ce. Kamar tayar da ake sawa a bayan mota."

Hausarta ta karkace, rabi Larabci, amma Inna ta gane sarai. Ta ajiye rariya.

"To yaushe za su sa ki?"

"Mai tsaron gida ɗaya ake sawa. Sai in waccan ta ji ciwo, ko ta yi rashin lafiya, ko an kore ta. In kaka ta ƙare ban buga ko sau ɗaya ba, za su sallame ni, babu wanda zai ɗauki golar da bai taɓa gani ba. Shi ke nan, khalas. Ko a bencin ma ba za ki sake ganina ba."

Inna ta kakkaɓe garin da ke hannunta. Sannan ta juyo ta kalle ni.

"Nana, kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Kina kallo ina dafa balila?"

"Ina kallo, Inna."

"Wata da watanni ina tsare ƙashin yarinyar da ta zaune wa jikata a wuya, da wakena, da gas ɗina, ke kina cin ragowar." Ta ja numfashi, na san faɗa ya zo. Ya zo kuwa, ya daɗe. Ta ƙare da roƙon Allah ya ba ni 'ya'ya masu faɗa min gaskiya.

Washegari ta sauko wurin Malam neman fatawa. Ta zauna a ƙasa, ta tattara mayafinta, ta ce tana son addu'ar da za ta cire mutum daga wuri. Ba babban abu ba. Ko ɗan targaɗe, ko ciwon ciki na yini biyu.

Ban taɓa ganin Malam cikin farin ciki irin na ranar ba. Duk zamansa a Masar babu wanda ya taɓa hawo bene don ya tambaye shi hukunci. Ya sa hula. Ya sauko da littattafai har sai da suka kai masa ƙirji, ya gyara murya.

"Inna, hazihil mas'ala fiha tafsil. Da farko sai mu duba, shin wannan baiwar Allah zalima ce a bisa haƙiƙa, ko kuwa majazan? Idan ya tabbata ba ta zalunci kowa ba, to addu'ar darar a kanta la yajuzu, wa la khilafa fi zalik."

"Malam, yi min Hausa, kaskona na kan wuta."

"Bai halatta ba."

"Ko targaɗen?"

"Ko targaɗen."

Inna ta sunkuyar da kai. Na ga alamar ta ji sanyi ma a ranta, domin da ya halatta mata ban san yadda bakinta zai iya furtawa ba. Ta yunƙura za ta tashi, sai Malam ya ɗaga yatsa. Ya ce akwai mafita. Ba a hana ka roƙa wa mutum alheri ba. To a roƙa mata alherin da zai ɗauke ta daga bakin ragar, ya kai ta wani wuri da ya fi. Ni kaina sai da na sake kallon mijina. Ashe karatun yana shiga.

Inna ba ta yi dogon tunani ba. A wurinta alherin da ke ɗauke mace daga wuri guda ɗaya ne. Daga ranar balila ta ci gaba da zuwa masallaci, niyya ce kawai ta canza: Allah ya ba Doguwa miji nagari, mai gaggawa, ya ba ta ciki mai laulayi kaɗan, wanda ba zai wahalar da ita ba amma likita zai ce ta daina tsalle.

Ta sa Tagwa ta binciko mata ko akwai mai nema. Tagwa ta yi dariya har wayar ta faɗi. Ta ce Doguwa ba ta da niyyar aure yanzu, kare gare ta, da shi take zaune.

"Kare," in ji Inna.

"Kare, Habboba. Har riga take saya masa."

Inna ta ce lamarin ya fi yadda ta zata, yarinyar na bukatar addu'a ko ba don ƙwallo ba. Ta je wurin Mu'tasim ta tambaye shi labarin ƙaninsa da ke tuƙin tasi a Beljiyam, tunda an ce mata kusa ne. Ta karɓo hotonsa, yana jingine da motar da ba tasa ba, ta ce Tagwa ta nuna wa Doguwa cikin hikima. Tagwa ta rantse ba za ta nuna ba. Daga baya ta ce ta nuna, wai duk ɗakin canza kaya an yi ta dariya, wai Doguwa ta ce a gaida kaka, a ce mata ta gode, mutumin yana da kyan gashin baki.

Da aure ya ƙi, Inna ta faɗaɗa roƙon. Aikin banki. Gadon wata gwaggo mai gidaje a wata ƙasa. Karatun likita. Malam ya ba da shawarar a ƙara da babbar ƙungiya, irin masu biyan kuɗi da yawa, Inna ta ce a zuba duka, Allah ya zaɓa.

Ana cikin haka wani abu ya faru da har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Wajen ƙarshen sanyi ne, ana wasa da wata babbar ƙungiya. Aka bugo ƙwallo sama, Doguwa ta fito, ta yi karo da wata ƙatuwa, ta faɗi ta kifa fuska, ba ta motsa ba. Masu magani suka ruga da jakunkuna. Kyamara ta tsaya a kanta. Ni dai zuciyata ta yi tsalle, bakina ya riga hankalina, na ce, "Allah ya sa kar ta..."

Hannun Inna ya rufe min baki, yana warin hayaƙi. Ba ta kalle ni ba, idonta na kan gilashi.

"Tashi, 'yata," take cewa a hankali. "Tashi. Allah ya ɗaga ki. Uwarki na kallo. Tashi."

Doguwa ta tashi. Ta girgiza kai, ta sha ruwa, ta koma bakin raga, filin ya ɗauki tafi. Inna ta sauke hannunta daga bakina ta ce alhamdulillahi, kuma har zuciyarta ta faɗa. Amma da aka tashi wasa ba ta sha shayi ba, ba ta tsaya yi wa alƙali addu'a ba. Ta hau sama tana dafa bango. Na bi ta da abinci na tarar tana zaune gaban kasko babu wuta. Ta ce, "Nana, ina son ganin yarinyar nan ta buga kamar in mutu. Amma ba ta haka ba." Na ji tausayinta, na ajiye kwanon na sauko.

Bayan sallar azumi labari ya zo. Doguwa ta yi ƙoƙari a kakar nan har wata babbar ƙungiya a wata ƙasa ta saye ta. Inna ta rangaɗa guɗa a matattakala har bawwab ya hawo da gudu ya zaci gobara ce. Malam ya yi ta shafa gemu yana cewa shi ya kawo shawarar. Sai da murna ta lafa Tagwa ta ƙarasa zancen: Doguwa ba za ta tafi ba sai an gama kaka. Duk wasannin da suka rage ita za ta buga, kuma ƙungiya ta fara cigiyar wata golar daga waje.

Inna ta juya kan Malam.

"Ka ce in roƙi alheri, na roƙa. Me ya sa ba ka ce in faɗi lokaci ba?"

"Inna, ai ba a gindaya wa Ubangiji..."

"Duk littattafan nan babu inda aka rubuta a sa rana? Ko tela ana gaya masa ranar biki." Ta ƙare da roƙon Allah ya sa ya gama digirinsa, wannan karon ta faɗi shekarar.

Ranar wasan ƙarshe ta zo, zafi ya dawo Alƙahira, fanka na juya iska mai ɗumi. Ban zaci Inna za ta sauko ba. Ta sauko cikin farin tobinta na zuwa biki, lafayar nan ta matan Sudan, ta sha lalle. Ta ce in yau ne ƙarshen ganin yarinyar a kujera, to za ta gan ta da kyau. Mu'tasim ya rufe shago ya zo, matan bene suka cika ɗakin, har da waɗanda aka gaya wa labarin sarauta. Babu wadda ta tayar da zancen.

Masu rawaya suna gaba da ci ɗaya. Kyamara ta ƙi bi ta kan rumfa, kamar da gayya. Aka tafi hutu aka dawo, lokaci na ta tafiya, Inna na ta jan carbi. Ni na riga na fara tunanin abin da zan faɗa mata in an tashi.

Saura kaɗan a tashi sai wasa ya tsaya. Wata mata a gefen fili ta ɗaga allo mai lambobi. Doguwa ta cire safar hannunta, ta fara takowa daga raga, lafiyarta ƙalau, mutanen filin duk suka miƙe suna tafi.

"Me ta yi? Korar ta aka yi?" in ji Inna.

Mu'tasim ya miƙe tsaye. Ya ce a'a, al'adarsu ce a can. In ɗan wasa zai bar ƙungiya, sai a fitar da shi kafin a tashi wasansa na ƙarshe, don jama'a su tafa masa shi kaɗai, su yi ban kwana. Ya ce, "Kuma ya Hajja, ba a barin raga babu kowa."

Kyamara ta juya bakin layi. Ga Tagwa a tsaye, babu rigar sanyi, cikin koren kaya, dogon wando, tana ɗaure safar hannu da haƙori. Doguwa ta iso, ta rungume ta, ta faɗa mata wani abu a kunne, su biyun suka yi dariya. Sannan Tagwa ta shiga fili. Daga bakin layi zuwa raga akwai 'yar tafiya, kuma kyamara ta bi ta tun daga farko har ƙarshe.

Ɗakin ya kaure. Mata na guɗa, Mu'tasim na buga ƙofa da tafin hannu, Malam da kansa na ji ya ce wani abu da ba Larabci ba. Inna kaɗai ce ba ta yi motsi ba. Carbin ya zame daga hannunta. Ta matso da fuskarta, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Ashe haka ta yi tsawo," ta ce.

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Duk shekarun nan a waya fuska take gani, a rumfa kuma mutum a zaune cikin bargo. Yarinyar da ta raka filin jirgi ko kafaɗarta ba ta kai ba. Ba ta taɓa ganin ta a tsaye da girmanta ba, balle tana tafiya.

"Nana, dubi kafaɗar. Ɗaya ta fi ɗaya sauka. Dubi yadda take jefa ƙafar hagu waje." Ta nuna gilashin da yatsa. "Fadl ne. Haka yake tahowa daga gona. Wallahi Fadl ne."

Guɗar ta mutu a ɗakin. Tagwa ta isa raga, ta taɓa ƙarfen sama, ta tofa a safar hannu, aka ci gaba da wasa. Ƙwallon bai zo wurinta ba ko sau ɗaya. Mu'tasim ya yi ta ƙorafi ƙasa-ƙasa, wai ko ɗan kamu ɗaya ai da ya taimaka mata wajen neman ƙungiya. Inna ba ta ji shi ba. Ta ce in mayar da hoton baya, na ce ba ya komawa, yanzu ake yin abin. Aka hura tashi, aka sa tallar sabulu.

Ba wanda ya tafi. Muna nan zaune wayar Inna ta yi ƙara. Fuskar Tagwa ta cika gilashin, gumi na zuba, bayanta hayaniya.

"Habboba, kin gan ni? Ban taɓa ƙwallon ba ma, amma na shiga. Kin gani?"

Inna ta share ido da gefen tobinta.

"Na gani. Tagwa, akwai wani kusa da ke? Ba shi wayar ya riƙe."

"Me ya faru?"

"Ba komai. Ba shi ya riƙe, ki ja baya can nesa. Sannan ki taho wurina a hankali."